Gudun Zango: Shirina na Tafiya Daga Sabo Zuwa Ilori a Ƙafa

Duk mai sauraren labarin wasanni a gidajen rediyo ya saba jin ana cewa gudun fanfalaki, wasu kuma su ce gudun yada-ƙanin-wani. Abin da ake nufi shi ne tseren nan mai tsawon kilomita 42 da mita 195, irin wanda aka fara yi a birnin Legas a shekarar 2016. To amma akwai wani gudun da ya zarce wannan, wanda masu labarin wasanni ba su cika ambatonsa ba. Shi ba a gama shi a yini ɗaya. Za a yi gudu tun da asuba har yamma, a kwana, gari ya waye a ɗora daga inda aka tsaya, haka har kwana uku ko shida ko fiye da haka. A wannan rubutu zan kira shi gudun zango, kuma kafin mai karatu ya kai ƙarshe zai ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan suna.

Yau wata bakwai ke nan ina shirin yin irinsa karo na farko. Niyyata ita ce idan an ba da hutun ƙarshen shekara in tashi daga unguwar Sabo da ke Ibadan, wadda Hausawa kan kira Badun, in dangana da Ilori cikin kwana uku, nisan kimanin kilomita 160. Daren farko zan kwana a Oyo, na biyu a Ogbomoso, rana ta uku in shiga Ilori, kowace rana kilomita hamsin da 'yan kai. Ba gasa ba ce, babu kofi, babu kuma wanda ya ɗauki nauyinmu. Mu uku ne: ni, da wani abokina ɗan canji da za mu yi gudun tare, da wani ɗan acaɓa da zai riƙa bin mu da ruwa da guzuri. Abokan karatu da dama sun tambaye ni me ya kai ɗalibin Hausa ga wannan wahala, shi ya sa na ga ya dace in ba da amsa a wannan mujalla tamu.

Masu irin wannan gudu a duniya

Wanda ya fi suna a cikin irin waɗannan tsere shi ne Marathon des Sables, wato gudun rairayi, da ake yi a hamadar kudancin Maroko. Wani Bafaranshe mai suna Patrick Bauer ne ya ƙirƙiro shi, aka yi na farko a 1986 da mutum 23. Tsawonsa kimanin kilomita 250 ne a cikin mako guda, kuma kowane mai gudu shi zai goya abincinsa da shimfiɗarsa a baya, masu shirya gasar ruwa da tanti kawai suke bayarwa. Wani ɗan ƙasar Maroko, Lahcen Ahansal, ya lashe shi har sau goma. Kuɗin shiga kuwa dubban kuɗin Turai ne, saboda haka ɗalibi irina sai dai ya kalla a waya.

A 1983 an yi wani tsere a ƙasar Ostireliya daga birnin Sidni zuwa Melbon, nisan kilomita 875. Wanda ya zo na ɗaya wani manomi ne mai suna Cliff Young, ɗan shekara 61, wanda ya saba zagayen tumaki a ƙafa a gonarsu. Gudunsa jan ƙafa ne kawai, samari suka wuce shi tun ranar farko, amma da yake barcinsa kaɗan ne, suna kwance yana tafiya, ya gama cikin kwana biyar da sa'a goma sha biyar. Haka kuma daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007 wasu mutum uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, sun keta Sahara da gudu tun daga gaɓar teku a Senegal har Bahar Maliya cikin kwana 111, sun ma ratsa ta ƙasar Nijar.

A nan gida kuwa, mutane ba su manta da Suleiman Hashimu ba, wanda ya taka daga Legas zuwa Abuja a watan Afrilun 2015 cikin kwana 18 don murnar nasarar Muhammadu Buhari a zaɓe. Ina ƙaramin yaro a lokacin, amma ina tune da yadda maganarsa ta cika teburan masu shayi a Sabo, wasu na yabo wasu na cewa zaman banza ne ya yi masa yawa.

Abin da ya tunzura ni

Duk da haka, ba waɗannan mutane ne suka sa na sayi takalmin gudu ba. Ni Bayarabe ne, gidanmu yana Mokola, tsakaninmu da Sabo tsallake titi ne kawai. A Sabo na koyi Hausa, tun ina ɗan shekara tara ana aike na sayen goro da tsire, kafin daga baya in zo jami'a in same ta a allo. Wanda bai san Sabo ba, unguwa ce da aka keɓe wa Hausawa a 1916, sunanta kuma gutsuren Sabon Gari ne. Goro da shanu ne suka raya ta: a sayi goro a kurmi a yi arewa da shi, a kawo shanu daga arewa a sayar wa mahautan Ibadan. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar ya yi nazarin wannan ciniki, littafinsa ya fito a 1969. Ko da yake jirgin ƙasa ya iso Ibadan tun 1901, ya kai Kano a 1911, an ci gaba da koro wasu shanun a ƙafa shekaru masu yawa bayan haka.

Akwai wani tsoho mai sayar da goro kusa da masallaci, wanda ya haura shekara tamanin, kowa Baba yake ce masa. A bakinsa na fara jin yawancin karin maganar da na sani. Da ƙuruciyarsa koren shanu ya yi: su taso daga ƙasar Sakkwato, su biyo ta Kwantagora, su ƙetare Kwara a Jebba, su faɗo Ilori, Ogbomoso, Oyo, har Badun. Da na tashi zaɓen batun kundin digirina sai na zaɓi kalmomin fatauci da koren shanu, na riƙa zama a gefen faifan goronsa ina rubuta abin da yake faɗa: burtali, mashaya, ayari, guzuri, madugu, jagaba, uban dawaki, maigida, dillali, sammore. Wata rana ya dubi littafina, ya ce:

"Yaro, me ka rubuta a kan zango?"

Na ce, "Baba, wurin da matafiya suke sauka su kwana."

Ya ce, "Haka ne, amma wannan ai ko makaho ya sani. Zango kuma tafiyar yini ce, daga inda ka tashi zuwa inda za ka sauka. Idan na ce maka daga nan zuwa Ilori zango kaza ne, ka san abin da nake nufi a ƙafarka? Ka taɓa tashi da asuba da ƙafar da ta yi tafiya jiya da shekaranjiya?"

Na ce ban taɓa ba. Ya yi dariya ya ce to in rubuta abin da na rubuta, malamai za su ba ni maki, amma saura na ƙafa.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, na kuma lura da yadda kalmar ta bazu. A Gana unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi zongo ake ce musu, akwai ma Sabon Zongo a birnin Ankara. A Ibadan akwai unguwar Sango a kan hanyar jami'a, wadda tsofaffin Sabo suke cewa asalin sunanta zango ne, don a nan kasuwar shanu take a da. Mu ma ɗalibai zangon karatu muke cewa, na farko da na biyu. Kalma ɗaya ta ɗauki wurin hutu da kuma wahalar da ake sha kafin a kai wurin hutun. Da na shimfiɗa taswira sai na ga Oyo tana da Sabo, Ogbomoso tana da Sabo, Ilori tana da unguwar Zango da ta Gambari, sunan da Yarbawa suke kiran Hausawa da shi. Ashe hanyar Baba tana nan a rubuce da sunayen unguwanni. Ƙafafun Baba sun kumbura, yanzu da kyar yake kaiwa sahun masallaci, abokan korensa kuma duk sun rasu. Ina son in bi hanyar tun yana da rai, in dawo in ba shi labarin abin da ya rage da abin da ya ɓace, in kuma tambaye shi abubuwan da sai wanda ya taka zai san ya tambaya.

Yadda nake horo

Na fara bayan ƙaramar Salla, daidai faɗuwar damina. Filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba yana maƙwabtaka da Sabo, saboda haka a kewayensa na soma, kilomita biyar sau huɗu a mako. Ƙa'idar da masu horarwa suke bayarwa ita ce a riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi a makon baya, kuma duk mako na huɗu a rage don jiki ya murmure. Dalili shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyin gwiwa da na diddige sun fi jinkiri, wanda ya bi ƙarfin numfashinsa kawai zai wayi gari da ciwon ƙwauri. Daga kilomita 20 a mako, yanzu ina yin tsakanin 70 da 80.

Abu na biyu shi ne rage sauri. Jikin ɗan Adam yana ajiye sukari a hanta da tsoka, amma ajiyar ba ta ɗaukar mai gudu da ƙarfi fiye da kamar sa'a biyu, shi ya sa masu gudun fanfalaki da yawa suke sarewa wajen kilomita 30. Idan aka tafi a hankali kuwa, jiki ya fi dogara da kitse, wanda ajiyarsa ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne mutum ya iya magana yana gudu ba tare da haki ya katse shi ba. Idan ina tare da abokina hira muke yi. Idan ni kaɗai ne sai in riƙa bitar azuzuwan aikatau na Parsons da ƙarfi, in ɗauki aikatau ɗaya in juya shi: saya, saye, sayar, sayo, sayu. In na kasa kai ƙarshen layi ba tare da na ja numfashi ba, na san na yi sauri. Masu shara da asuba a Mokola sun saba da ni, wasu sun ɗauka wuridi nake yi.

Abu na uku shi ne haɗa gudu da tafiya. Ko gwanayen wannan fage ba sa gudu daga farko har ƙarshe. Tsarina shi ne gudun minti tara, tafiyar minti ɗaya, duk hawa kuma a taka shi. Ibadan garin tuddai ne, saboda haka kowace Laraba nakan hau tudun Mokola inda otal ɗin Premier yake, ko in nufi Oke Are wajen hasumiyar Bower da aka gina a 1936, in hau in sauka sau biyar ko shida. Saukar ta fi hawan cin cinya, kuma ita ce take sa mutum ya kasa tsugunno washegari.

Amma ginshiƙin horon duka shi ne Asabar da Lahadi. Ranar Asabar bayan sallar asuba mukan tashi daga Sabo, mu bi ta shataletalen Mokola, Sango, ƙofar Jami'ar Ibadan, Ojoo, har Moniya, mu juyo, abin da ya haura kilomita 30. Ranar Lahadi kuma mu sake tashi mu yi 20 ko 25 a kan ƙafar da ba ta huce ba. Wannan gudu na Lahadi shi ne ya bambanta gudun zango da na fanfalaki. Mai gudun yini ɗaya yana iya ƙarar da duk abin da yake da shi, a ɗauke shi a mota, ya yi mako yana jinya. Mai gudun zango kuwa dole duk abin da zai yi yau ya yi shi da tunanin gobe. Da na yi wa Baba wannan bayani sai ya ce ai su ma haka suke yi: tun kafin alfijir suke tashi, rana na take tsaka sun sauka, kuma ba sa wuce mashaya don ganin akwai sauran rana, domin saniyar da aka matsa wa yau gobe ba za ta tashi ba, kuma ramammiyar saniya ba ta da kuɗi a kasuwa. Ya ce aikin madugu shi ne ya san inda za a tsaya, tafiya kam kowa ya iya.

Ci da sha da kula da ƙafa

Masana suna ba da shawarar mai doguwar tafiya irin wannan ya riƙa cin abin da zai ba shi giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace sa'a. A ƙasashen Turai akwai abinci na musamman da ake sayarwa a 'yan ledoji don haka. Nawa guzurin duk a Sabo da kasuwar Bodija nake haɗa shi: dabino, ayaba, ƙuli-ƙuli, gurasa, da ɗan kilishi saboda gishiri. Shi ma cin abinci ana gudu sai an koya wa ciki, shi ya sa duk abin da zan ci a hanyar Ilori na riga na gwada shi a hanyar Moniya. Fura da nono sai an sauka, don tana da nauyi. Baba ya ce nasu guzurin gumba ce da ƙanzo, sai goro don korar barci da yunwa. Ya ba ni shawarar in ajiye goron sai bayan azahar, lokacin da jiki yake mutuwa, kuma na ga amfanin hakan.

Batun ruwa yana da fuska biyu. Rashinsa yana kawo jiri da ɗaurewar tsoka, amma yawan shan ruwa zalla ba gishiri shi ma yana tsinka gishirin jini har ya kai ga suma, wani lokaci ma mutuwa. Nakan hau sikelin wani mai sayar da hatsi kafin in fita da bayan na dawo, domin kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa. Ta haka na gane abin da jikina yake zubarwa a sa'a, nake kuma haɗa ruwan leda da garin gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa. Launin fitsari ma ma'auni ne. Idan ya yi baƙi kamar shayi ba madara, alama ce tsoka tana narkewa, ƙoda tana cikin haɗari, dole a tsaya a nemi asibiti. Saboda ƙodar ne kuma likitoci suke hana shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen a tsakiyar irin wannan gudu.

Ƙafa kuwa ita ce jari. Takalmina kambas ne na gwanjo, na saye shi da ƙarin lamba ɗaya don ƙafa tana kumbura idan tafiya ta yi nisa. Ina yanke farce, ina shafa basilin a tsakanin yatsu da cinyoyi da hammata, ina canza safa da zarar ta jiƙe, domin danshi da gogayya su ne suke kawo bororo, kuma bororo ɗaya a tafin ƙafa ya isa ya tsayar da ƙato. Tun da damina ta ɗauke na ƙara fita da hantsi sau biyu a mako, saboda jiki yana bukatar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba aiki cikin zafi. A watan Disamba safiya za ta yi sanyi da ƙurar hunturu, amma daga ƙarfe goma sha ɗaya rana ba ta ragawa kowa.

Abubuwan da suke sanyaya gwiwa

Na farko ita ce mahaifiyata. Iya ba ta ga dalilin da zai sa mutum mai hankali ya taka zuwa garin da mota take kaiwa cikin 'yan sa'o'i ba. Tsoronta kuma yana da tushe, domin hanyar Oyo zuwa Ogbomoso ta daɗe da yin ƙaurin suna wajen tireloli da tankokin mai, ga kuma labaran masu garkuwa da mutane da ake ji a ƙasa. Mun yi wata guda muna jan maganar. A ƙarshe ta gindaya sharuɗɗa: babu tafiyar dare, zan kira ta a kowane gari, kuma a kowane zango a gidan wanda aka sani zan kwana. Sharaɗi na ukun Baba ne ya warware shi. Ya sa aka kira masa wani mai goro a Sabon Oyo da wani a Sabon Ogbomoso, ya ce musu, "Ga ɗana nan tafe, Bayarabe ne amma ya fi ku Hausa, ku ba shi tabarma." Tsarin maigida da baƙonsa da na karanta a littafi, sai ga shi ya yi mini aiki ta wayar salula. Mu ma mun ɗauki namu matakan: za mu riƙa bin gefen hagu muna fuskantar motoci, da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, kuma inda tsohuwar hanya take, kamar ta Fiditi, ita za mu bi.

Na biyu kuɗi ne. Man babur na kwana uku, da ladan ɗan acaɓa, da abinci, da kuɗin motar dawowa, duk daga abin da nake samu ne na koyar da yara darasi da yamma. Wata uku ke nan ban sayi tsire ba, ni da nake wucewa ta gaban masu tsire kullum.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne safiyar Lahadi. Ƙarfe huɗu da rabi waya za ta yi ƙara, ruwa yana zuba a kan kwano, cinyoyi sun yi tsami, matakala uku na ƙofar gida sai na dafa bango. A wannan lokaci duk dalilai masu daɗin faɗa guduwa suke yi. Abin da yake fitar da ni ƙananan abubuwa ne. Na san abokina yana tsaye a ƙarƙashin gadar sama ta Mokola yana jirana, kuma idan ban zo ba duk layin 'yan canji sai sun ji. Na kuma yi wa kaina alkawarin minti ashirin: in fita in yi minti ashirin, in har jiki bai saki ba in dawo. Kusan kullum kafin lokacin ya cika tsamin ya tafi. Sannan akwai mai shayin Ojoo da yake ɗaga mana hannu yana cewa, "Fatake, an fito?" Sunan ya bi mu, har mun raba muƙamai: abokina ne jagaba don ya fi ni sauri, ɗan acaɓa uban dawaki don shi zai riƙe kuɗi, ni kuma aka ce madugu don ni na jawo wahalar.

Akwai kuma wani abu da nake tunawa duk lokacin da muka wuce Ojoo. Kasuwar Sasa tana nan kusa, inda rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a watan Fabrairun 2021, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. A kwanakin nan na ji abin da ake faɗa a Mokola da Yarbanci, na ji abin da ake faɗa a Sabo da Hausa, kuma duka ɓangarorin sun manta ina jin na ɗayan. Mai harshe biyu a irin wannan rana ba ya samun barci. Ba ina cewa gudun mutum biyu zai gyara zaman gari ba. Amma ina jin daɗin cewa Bahaushe da Bayarabe za su bi hanyar da ta haɗa kakanninsu ciniki, su sha ruwa a leda ɗaya, su yi gaisuwa da harshen duk wanda suka tarar.

Kammalawa

Saura mako biyar. Makonni biyu na ƙarshe za mu rage horo sosai don jiki ya tara ƙarfi. Tsarin kowace rana shi ne mu tashi bayan sallar asuba, mu ci kamar kilomita 30 kafin rana ta yi zafi, mu fake a inuwa har bayan azahar, sannan mu ƙarasa kafin magariba. Da an sauka sai wanka, da abinci mai nauyi, da duba ƙafa, da ɗaga ta a jikin bango, da barci da wuri. Mun kuma yi yarjejeniya a gaban Iya da Baba a kan abubuwa uku da za su sa a hau babur ba gardama: baƙin fitsari, jiri ko ruɗewa, da ciwon da ya sa mutum ɗingishi. Ina iya kaiwa Ilori, ina kuma iya tsayawa a Odo-Oba ko Gambari. Hamsin na taɓa yi a yini ɗaya sau biyu, amma hamsin sau uku a jere sai ranar za a gani.

A aljihun jakata akwai ƙaramin littafi da jerin wurare goma sha ɗaya da Baba ya lissafa mini, mashaya da rafuka da gindin itatuwan da suke sauka tsakanin Ilori da Badun, wasu da sunan Yarbanci yadda kunnen Bahaushe ya ji shi shekara sittin da suka wuce. A kowane gari zan nemi tsofaffi in tambaya. Abin da na samo zai shiga babi na huɗu na kundina, idan kuma editocin wannan mujalla sun ba ni fili zan kawo rahoto a fitowa ta gaba.

Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne kowa ya duba unguwarsu. Akwai tsofaffin fatake da masu koren shanu da waɗanda iyayensu suka je Makka a ƙasa ta hanyar Sudan, suna zaune a ƙofar gida da kalmomin da ba a rubuta ba, kuma kullum raguwa suke yi. Ba sai kowa ya yi gudu ba, zama a gefen tabarma da biro ma ya isa a fara. Ni dai nawa ya haɗa da ƙafa, saboda haka ina roƙon addu'arku. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya ƙara wa Baba sauƙi, amin.